Kifin da Ba a Ci: Sana'ar Masu Akwatin Gilashi a Kaduna

Duk mai sayar da kifin ado a Kaduna ya saba da wata tambaya. Mutum zai tsaya gaban akwatin gilashi, ya ƙura wa kifayen ido har ya manta da abin da ya fito da shi, can sai ya juyo ya ce, "Malam, wai ana cin su kuwa?" Ba laifinsa ba ne. Mu a garin nan kifi abinci ne. Kogin Kaduna ya daɗe yana ciyar da masunta a Kabala da sauran unguwannin bakin ruwa, suna kamo tarwaɗa da karfasa da kurungu da ragon ruwa. Daga baya kiwon tarwaɗa ya shigo, har ya zama a Kawo ko Mando ko Rigasa ba wuya ka shiga gida ka tarar da tafkin siminti ko na tamfol a bayan ɗaki. Najeriya ce ma kan gaba a duniya wajen kiwon wannan kifi. To, wanda ya tashi a haka, in aka nuna masa kifin da bai kai ɗan yatsa ba, aka ce a ciyar da shi, a canza masa ruwa, a saya masa fitila, kuma har abada ba zai shiga tukunya ba, dole ya yi tambaya.

Masu saye dai akwai su. Otal yana so a ɗakin karɓar baƙi, asibitin kuɗi yana so a wurin jiran likita don hankalin yara ya kwanta, mai ofis yana so a gefen teburinsa. A wasu gidajen Unguwan Rimi da Malali da Unguwan Sarki tun wajen gini ake bar masa gurbi a bangon falo, wata amaryar kuma takan sa shi cikin kayan jere. Ga 'yan makaranta masu adana kuɗin tara har su sayi kifi ɗaya a leda. Dukkansu mutum ɗaya suke nema: wanda ya iya haɗa akwatin, ya san inda ake samo kifin, ya kuma san yadda za a yi kifin ya rayu. Biyun farko ana koyonsu cikin 'yan watanni. Na ukun shi ne ainihin sana'ar, kuma shi ne ya yi ƙaranci.

Wasu daga cikin masu aikin ta shagon gilashi suka shigo, wurin masu haɗa tagogin alminiyam. Kayan aikin ba su da yawa: abin yankan gilashi, tef, sukwaya, sanfefa, da bindigar matsa silikon. Ana yanka falle biyar, a goge bakinsu don kada su yanki hannu, a share maiƙon yatsa da sifirit, a jera, a matsa silikon a kowace kusurwa, a ɗaure da salatif har ya kama. A nan ma akwai inda ake gane gwani. Akwai silikon da aka zuba wa maganin hana fumfuna, irin wanda ake liƙe tayil ɗin banɗaki da kicin da shi, kuma wannan guba ne ga kifi. Yaron shagon da bai sani ba zai ɗauko duk wanda ya fi araha. Bayan an liƙe, sai a bar akwatin ya bushe kwana biyu ko fiye, sannan a cika shi da ruwa a tsakar gida, a bar shi ya kwana a ga ko zai yi yoyo. Gara ya yi yoyo a shago da ya yi a kan kafet ɗin Hajiya.

Abin da mai saye ba ya lissafawa shi ne nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Akwati mai tsawon santimita 60, faɗin 30, zurfin 30 yana cin lita 54, kuma gilashi mai kaurin milimita 5 ko 6 ya ishe shi. Wanda ya kai tsawon santimita 120, faɗi da zurfi 45, yana cin lita 243, wato kusan nauyin buhun siminti biyar, ban da gilashin kansa da tsakuwa. Irin wannan sai gilashi mai kaurin milimita 10 da sandunan ƙarfafawa a sama, sai kuma teburin ƙarfe, wanda masu walda a Panteka ke haɗawa. A tsakanin ƙarfen da gilashin akan shimfiɗa soso, domin ƙwayar tsakuwa ɗaya da ta maƙale a ƙasa ta isa ta tsaga gindin akwatin da tsakar dare.

Wannan duk aikin hannu ne, ana ganinsa da ido. Aikin ruwa kuwa ba a ganinsa, shi ya sa ake raina shi.

Ruwan famfon da ke fitowa daga matatar Malali ana kwantar da dauɗarsa da alif, a zuba masa kulorin don kashe ƙwayoyin cuta. Abin da ya gyara shi don sha, shi ne ke ƙona gaɓar numfashin kifi. Saboda haka sai an ajiye shi a buɗaɗɗen bokiti kwana ɗaya ko biyu, ko a ɗiga masa maganin kashe kulorin. Ruwan rijiyar burtsatse ba shi da kulorin, amma daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa da ƙarancin iska, kuma na wannan unguwa daban yake da na waccan, wani da tsatsa, wani da nauyi. Na 'yan garuwa kuma sai an san abin da jarkar ta taɓa ɗauka, don ɗigon kalanzir ko kumfar omo ya isa ya gama da komai.

Ko an sami ruwa mai kyau, akwatin bai shirya ba. Kashin kifi da ragowar abinci suna ruɓewa su zama amoniya, wadda ke kashe kifi ko da kaɗan ce. A kogi ruwa mai gudu ne ke tafiya da ita. A cikin gilashi kuwa babu inda za ta je, sai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani sun zauna a jikin soson filta da tsakuwa, su mai da ita naitirait, wasu kuma su mai da wannan naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce, kuma ganyen ruwa yana shan sa. Kafin waɗannan ƙwayoyi su yi yawan da za su iya aikin, akan ɗauki mako 4 zuwa 6. Mai sana'ar da ya san aikinsa yana rage wannan jira ta hanyar ɗauko tsohon soso daga akwatin da ya daɗe yana aiki, ya sa a sabon, sannan ya fara da kifi biyu ko uku, ya riƙa ƙarawa sannu a hankali.

A nan ne sana'ar ke karo da halin kasuwa. Direba zai zo ya ce, "Alhaji ya ce yau ake so a haɗa, gobe akwai baƙi, kuma a cika shi da kifi." Mai shago yana da hayar shago a wuya, ga kuɗi a hannu. In ya ce a jira wata guda, Alhaji zai aika wurin wani. Sai ya haɗa, ya zuba kifi ashirin a sabon ruwa. Baƙi su zo su yaba. Kafin mako ya zagayo ruwa ya yi fari, kifaye suna taruwa a sama suna haki, ana tsince su ɗaya bayan ɗaya. Ruwa ba ya tsami banza, amma mai gida bai san dalili ba, sai ya sa yaro ya juye komai, ya wanke gilashi da tsakuwa da sabulu, ya kashe 'yan ƙwayoyin da suka fara zama. A ƙarshe a ce, "Ai kifin nan ba ya rayuwa a Arewa," a kai akwatin sito. Ni a ganina babu abin da ya danne wannan sana'a a Kaduna kamar wannan cinikin na rana ɗaya. Mai shagon ya ci ribar yini, ya rasa Alhaji, ya kuma rasa duk baƙon da ya ji labarin. Alhali kulawar da ake bukata ba ta da yawa: a sa tiyo a zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako tare da dattin ƙasa, a mayar da wanda ya kwana, a matse soson filta a cikin tsohon ruwan da aka zuƙo. Masu wayo cikin masu sana'ar sun gane cewa abincinsu na dindindin yana cikin wannan zagaye, suna bin gidaje da ofisoshi ana biyansu a wata.

Sai kuma zaɓin kifin. Yawancinsa daga Legas yake zuwa, tafiyar kusan kilomita 900, a cikin ledoji da aka hura wa iskar oksijin, kuma farashinsa yana bin dala da kuɗin mota. Wanda kowa ke nuna wa yatsa shi ne kifin zinare, golfish a bakin 'yan kasuwa, wanda aka fara kiwonsa a ƙasar Sin sama da shekara dubu da suka wuce. Kyakkyawa ne, ba musu. Amma kifin ruwan sanyi ne, yana girma ya wuce santimita 20, yana ci da yawa, yana kashi da yawa, yana kuma bukatar iska mai yawa. Ruwa kuwa yana ɗumi, iskar cikinsa tana raguwa. Ka tuna zafin Maris da Afrilu a garin nan, ka haɗa da ɗauke wuta na yini guda, famfon iska ya tsaya. Wanda ba shi da sola ko inbata, sayar masa da golfish shida a ƙaramin akwati zalunci ne ga kifin, cuta ce ga mai sayen.

Akwai dangin kifin da matsalar wuta ba ta dame su sosai ba, su ne dangin beta, masu nau'i sama da 70 a kudu maso gabashin Asiya. Da yawansu a fadamun shinkafa da kududdufai marasa gudu suke zama, inda ruwa ke da ɗumi da ƙarancin iska, don haka Allah ya yi musu wata gaɓa a cikin kai da suke shaƙar iskar sarari da ita. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan hikima, don ya san tarwaɗa tana daɗewa a waje ba ta mutu ba, ya san gaiwa tana shafe rani a cikin busasshen taɓo. Beta yakan taso sama lokaci zuwa lokaci, ya ɗauki iska, ya koma. Shi ya sa yake jure doguwar tafiya a 'yar ƙaramar leda, shi ya sa kuma ko famfo ya tsaya ba ya haki.

Wanda aka fi sani a cikinsu shi ne Betta splendens, wanda masu sana'ar ke kira faita, mai doguwar jela ja ko shuɗiya. Mutanen Siyam, wato Tailan ta yau, sun daɗe suna kiwonsa don faɗa, ana zuba kuɗi a kai. Masanin kifi na Ingila, Charles Tate Regan, shi ya ba shi wannan suna a 1910, kuma a 2019 gwamnatin Tailan ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa. Matsalarsa ita ce maza biyu ba sa zama wuri ɗaya, har mace ma ba ta tsira daga gare shi in ba lokacin aure ba ne. Shi ya sa kake ganinsu a shago kowanne a kwalbarsa. Na kan ji takaici in na ga samari sun sayi biyu don su haɗa su a kwalba ɗaya su ɗauka a waya. Malamanmu sun hana haɗa dabbobi faɗa don nishaɗi, kuma mai shagon da ya san abin da za a yi da su ya sayar, yana da nasa kason.

Ɗan'uwansa da nake so masu sana'ar nan su sani shi ne Betta imbellis, beta mai lumana. Masanin kifi na Jamus, Werner Ladiges, shi ya bayyana shi ga duniyar ilimi a 1975. Asalinsa kudancin Tailan ne da Malesiya da arewacin tsibirin Sumatara. Tsawonsa wajen santimita 5 ne, fukafukansa gajeru. In ka gan shi a ledar ɗan kasuwa, a tsorace, launinsa ya koɗe, ba za ka ba da ko sisi a kansa ba. Amma ka bar shi ya zauna mako biyu a ruwa mai duhu-duhu da ganye, jikin namijin zai yi baƙi, ya riƙa walƙiya da kore da shuɗi, ga jan jinjirin wata a bakin jelarsa, ga layi biyu masu sheƙi a kumatunsa. Ana iya ajiye namiji da mace ɗaya ko biyu a akwati mai lita 54 su zauna lafiya, a babban akwati mai yawan maɓoya har maza fiye da ɗaya sukan zauna. Kada dai a ɗauka ba ya faɗa ko kaɗan. Maza suna buɗe fukafukai su yi wa juna barazana, su kori juna, musamman lokacin aure, har a ƙasarsu wasu suna haɗa su faɗa. Bambancin shi ne in akwai fili da wurin ɓuya, abin yakan tsaya a barazana. Ba kasafai ake ganinsa a kasuwa ba, sai an yi oda wurin masu shigo da kifi, kuma da yawa da ake sayarwa da sunansa ruwa biyu ne, an haɗa su da faita. Dole mai oda ya nemi hoto da bidiyo kafin ya tura kuɗi.

Abin da ya ƙara ja ni gare shi shi ne kusan duk abin da yake bukata muna da shi a ƙofar gida. Yana son ganye mai yawo a saman ruwa, ga kainuwa a kududdufai, sai dai a wanke ta, a ajiye ta daban na 'yan kwanaki kafin a sa. Yana son ruwa marar nauyi mai ɗan tsami, kuma masu kiwonsa a Asiya busasshen ganyen wata bishiya suke jefawa a ciki, ya rina ruwan ya yi ja-ja. Bishiyar nan ita ce almon mai faɗin ganye, 'yar'uwar baushe, wadda ake dasawa don inuwa a makarantu da harabar gidaje, ana share ganyenta ana ƙonawa. A Turai a leda ake sayar da wannan ganye. Abincinsa kuma ƙananan ƙwari ne, ba abin da yake so kamar tsutsar sauro, ita kuwa da damina ba sai an saya ba. Yana karɓar abincin gwangwani mai ƙananan ƙwayoyi, kaɗan-kaɗan, abin da zai cinye cikin minti biyu. Sai an gargaɗi yara, don da burodi da tuwo da biskit suke nuna masa ƙauna, su ruɓar da ruwan.

Abokan gabansa a Kaduna biyu ne. Na farko hunturu. Beta yana son ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 28, alhali a Disamba da Janairu sanyin asuba kan sauko wajen digiri 15, wani lokaci ƙasa da haka, kuma ƙaramin ruwa da wuri yake hucewa. Sai ka ga kifi ya kwanta a ƙasa, ya tsuke fukafukai, ya ƙi abinci, daga nan fararen ɗige-ɗige su feso masa. Ƙaramar hita mai wat 25 ko 50 ta isa, in akwai wuta ko sola. In babu, a janye akwatin daga taga, a liƙa masa farin soson da ke zuwa cikin kwalin firji a baya da gefe, a lulluɓe da bargo da dare, a jefa gorar ruwan ɗumi a rufe ta yi yawo a ciki. Murfi wajibi ne, don kifin yana tsalle, kuma murfin yana riƙe iska mai ɗumi da laima a saman ruwa, wadda ita yake shaƙa. Na biyu maganin sauro. Na fesawa da na kunnawa da ota-fiya-fiya duk guba ne ga kifi, balle wanda ke tasowa ya shaƙi iskar ɗaki. Kafin a yi feshi a rufe akwatin ruf da leda ko jiƙaƙƙen zane, a kashe famfon iska, kada a buɗe sai ɗakin ya sha iska. Mai shagon da bai faɗa wa mai saye wannan ba, bai gama ciniki ba.

Wanda ya iya riƙe shi, hayayyafa ba ta da nisa, kuma nan ne mai sana'a zai fara rage dogaro da motar Legas. Namijin yana tara kumfa da bakinsa a ƙarƙashin ganye, ya yi sheƙa. In macen ta yarda sai ya naɗe ta da jikinsa, ƙwai ya zubo, ya bi ya tsince su ɗaya-ɗaya da baki ya kai cikin kumfar. Daga nan shi ne mai gadi, ana ma cire macen. Cikin kwana ɗaya ko biyu ƙwai ya ƙyanƙyashe, bayan kwana uku ko huɗu 'ya'yan su fara iyo, sai a cire uban. Kwanakin farko ƙananan halittun koren ruwa suke ci, sannan atimiya, wadda masu ƙyanƙyasar tarwaɗa a garin nan suka riga suka saba da ita. 'Ya'yan faita suna tasawa sai an raba mazan kowanne da kwalbarsa, a riƙa canza ruwan kwalba ɗari. Na mai lumana kuwa sukan daɗe tare a babban baho mai ganye. Ga matashi ko matar aure mai ɗan fili a tsakar gida, wannan bambanci babba ne.

Wani abin da ya kamata a sani shi ne Najeriya ma tana fitar da kifin ado. Daga Legas ana tura kifayen kogunanmu zuwa Turai da Amurka da Japan: mai dogon leɓe da suke kira hancin giwa, da mai faffaɗan fukafukai da ke shawagi a saman ruwa, da 'ya'yan kurungu da minjirya. Akwai ƙananan kifaye masu launi da masu kiwo a ƙasashen waje suka sani da sunayen inda aka kamo su, Makurɗi da Lafiya da tsaunukan Jos. Mai shago a Kaduna da zai ƙulla hulɗa da masuntan bakin kogi zai iya samun abin nunawa da ba a biya masa dala ba. Mai son ilimin abin kuma, ga cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a Sabuwar Busa, wadda ta faro a 1968 tare da madatsar Kainji, da kwalejin koyon aikin kifi a garin.

Ga mai niyyar saye, shawarata ita ce ka fara sayen akwatin, a haɗa, a zuba ruwa da ganye, ka dawo ɗaukar kifi bayan wata guda. Ka tambayi mai shago girman da kifin zai kai, da abin da zai same shi in wuta ta yini ba ta zo ba. In ya kasa amsawa, ka nemi wani. Ka kuma tuna cewa rai ne ka kulle a gilashi, cinsa da lafiyarsa suna wuyanka, labarin matar da ta kulle kyanwa kuwa kowane ɗan Islamiyya ya san shi. In ka gaji da shi, ka mayar wa mai shago ko ka ba wanda zai riƙe. Wani ƙaramin kifi da ake kira gofi, ɗan asalin Kudancin Amurka, yau ya cika magudanun ruwan Legas. Don haka kada ka juye baƙon kifi a kwata ko a Kogin Kaduna.